Lambar Fiffike Ba Ta Tafiya Ita Kaɗai

Ƙannena masu son ƙera jirgin sama, na kwalejin fasahar jiragen sama da ke Zariya, da na makarantar fasaha ta sojojin sama a Kaduna, da ku da ba ku shiga ko ɗaya ba amma kuke raba dare a gaban kwamfuta kuna zana ƙananan jirage marasa matuƙi, da ku nake.

Babu zamanin da ɗalibi ya samu kayan aiki a araha kamar naku. XFOIL, wadda Mark Drela na jami'ar MIT ya rubuta tun a shekarun 1980, kyauta ce. AVL kyauta ce. JSBSim, wadda ke lissafa motsin jirage da yawa a cikin FlightGear, ita ma ba a biyan ko kwabo. Abin da injiniyoyin Amurka na shekarun 1930 da 1940 suka daɗe suna aunawa, kwamfutar cinya tana fitar da kwatankwacinsa kafin ka gyara zama. Sai dai manhaja tana da wani hali: da wuya ta ce maka ba ta gane ba. Duk abin da ka zuba mata za ta karɓa, ta mayar maka da amsa mai ɗigo da lambobi huɗu a bayan ɗigon, tsaf-tsaf, har ka ji nauyin yin shakka. Ni kuwa shakkar nake so ku koya, da kuma wuraren da ya kamata a ɗora ta.

Ƙarfin da ke ɗaga jirgi ya rataya ne a kan abu huɗu: kaurin iska, gudun jirgi, girman shimfiɗar fiffike, sai siffar fiffiken da yadda ya fuskanci iska. Ukun farko ana auna su kai tsaye. Na huɗun ba shi da abin awo, shi ya sa aka yi dabara. A auna ƙarfin ɗagawar, a raba shi da rabin kaurin iska, a raba da gudu sau gudu, a raba da shimfiɗar fiffike. Abin da ya rage shi ne lambar ɗagawa, wadda ake rubutawa CL. Ta irin wannan hanyar ake samo lambar tirjiya, CD, wato ja da bayan da iska ke yi wa jirgi, da lambar juyi, Cm, mai nuna ko hanci zai ɗaga ko zai sunkuya. Ba su da kilo, ba su da mita. Wannan ne ke sa ɗalibi ya ɗauka gaskiya ce mai cin gashin kanta, wadda za a ciro daga wani littafi a dasa a ko'ina ta kama. Alhali ragowar rabawa ce. Wanda bai san da me aka raba ba, bai kuma san halin da aka yi awon a ciki ba, bai san lambar ba ko da ya haddace ta.

Kuskuren ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1901 Wilbur da Orville Wright, masu shagon keke a garin Dayton na jihar Ohio, suka kai jirginsu mara inji na biyu bakin teku kusa da Kitty Hawk. Lissafinsu ya dogara da jadawalin Otto Lilienthal, Bajamushen da ya fi kowa gwada shawagi da fukafukai kafin ya faɗo ya rasu a 1896. Suka haɗa jadawalin da wata lamba, 0.005, wadda ake jinginawa ga injiniyan Ingila John Smeaton tun 1759. Da suka tashi, fiffiken ya ba su kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗagawar da takarda ta yi musu alkawari. Suka koma gida rai a ɓace, suna zargin jadawalin Lilienthal.

Kafin shekarar ta ƙare suka haɗa akwatin katako mai tsawon ƙafa shida da fanka a bakinsa, suka ƙera ma'auni da guntayen zarton ƙarfe da wayar ƙafar keke, suka gwada ƙananan fukafukai wajen 200. Lambar Smeaton dai ta yi yawa, ta gaskiyar tana kusa da 0.0033, kuma wannan kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da suka sa rai. Sauran kuwa, kamar yadda masanin tarihin wannan fanni John Anderson ya nuna, ba laifin Lilienthal ba ne. Shi ya auna fiffike dogo siriri, wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau shida da wani abu, ƙusumbinsa kuma a tsakiya. Nasu gajere ne mai faɗi, tsawon bai wuce ninki uku da rabi ba, ƙusumbin yana can gaba. Lambobin Lilienthal sun dace da fiffiken Lilienthal. Su ne suka ɗora su a kan fiffiken da ba don shi aka auna su ba. A 1902 suka ƙera mai dogon fiffike siriri da lambobin da suka auna da hannunsu, ya tashi yadda suka lissafa, ranar 17 ga Disamba 1903 kuma aka yi tashin da duniya ta sani. Ku lura, mutanen nan ba ragwaye ba ne, kuma ba su jahilci lissafi ba. Idan abin ya same su, kada ɗayanku ya ji ya fi ƙarfinsa.

Tambayar farko da za ku riƙa yi wa kowace lamba ita ce: da wace shimfiɗa aka raba? Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san idan aka ce mudun gero kaza ne, magana ba ta ƙare ba sai an san mudun wace kasuwa, kuma shafe baki ake yi ko tulawa. Masu ƙera mota suna raba tirjiya da girman fuskar motar idan ka tsaya a gabanta, su samu wajen 0.3. Masu jirgi suna rabawa da shimfiɗar fiffike idan an kalle shi daga sama, su samu wajen 0.03 ga ƙaramin jirgi. Wanda ya jera lambobin nan biyu ya ce jirgi ya fi mota sulɓi sau goma, ya yi shirme. A cikin jirgi ɗaya ma haka take. Lambar ɗagawar wutsiya sau da yawa da shimfiɗar wutsiyar aka raba ta, tirjiyar taya kuma da fuskar tayar. A JSBSim kai ne ke rubuta ninkawar da hannunka: matsin iska, sau shimfiɗar fiffike, sau abin da ke jadawali. Idan wutsiyarka kashi ɗaya cikin biyar ce ta fiffike, ka kwafo lambarta ka ninka da shimfiɗar fiffike, ka ba ta ƙarfin wutsiya biyar, kuma manhajar ba za ta ce maka uffan ba. Ka kuma tuna ita da ƙafa da fam take lissafi a cikinta, ba da mita da kilo ba.

Maganin mafi yawan wannan ɓarnar biro ne da takarda. Ɗauki Cessna 172S, jirgin da ake koyon tuƙi da shi a ƙasashe da yawa. Shimfiɗar fiffikensa murabba'in ƙafa 174 ce, wato murabba'in mita 16.2. A ce nauyinsa kilo 1,100 ne, yana tafiya miƙe a gudun mita 55 a sakan, ƙasa-ƙasa inda kaurin iska yake kilo 1.225 a kubik mita. Rabin 1.225 sau 55 sau 55 ya ba da kusan 1,850. Sau 16.2, kusan 30,000. Nauyin jirgin a ma'aunin niyuton shi ne 1,100 sau 9.81, kusan 10,800. Tunda jirgin ba ya hawa ba ya sauka, ɗagawa daidai take da nauyi, sai ka raba 10,800 da 30,000 ka samu 0.36. Lissafin bai kai minti uku ba. Idan samfurin Cessna da ka gina a kwamfuta yana tafiya a wannan gudun da CL na 0.9, ko na 0.1, ba sai ka nemi malami ba, ka san akwai inda ka zuba abin da ba shi ba.

Yanzu ga inda abin yake da daɗi. Akwai gudun da idan jirgi ya sauka ƙasa da shi, iska ke ɓallewa daga bayan fiffike, ɗagawa ta faɗi, abin da matuƙa ke kira sitol. Littafin wannan jirgin ya nuna cewa da cikakken nauyi na kilo 1,157, an sauke filaf gaba ɗaya, hakan yana faruwa a not 40. Not ma'aunin gudun jirage ne, kowane ɗaya ya ɗan haura rabin mita a sakan. Ka sa 40 a lissafin da muka yi, CL zai fito kusan 2.7. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta 2.7 a jadawalinsa ya wuce, har yana murna ya samo lambar daga littafin kamfani. Amma fiffike irin na Cessna ba ya kaiwa can. Not 40 ɗin abin da allurar agogon gudu ke nunawa ne. A wannan halin hancin jirgi ya ɗaga sosai, iska tana dukan bututun awo da ramin awo a karkace, agogo yana rage gaskiya. Littafin ya ba da gyararren gudun, not 48. Da shi CL ya dawo kusan 1.9, wanda hankali zai ɗauka. Bambancin not takwas kacal ya kumbura amsar da fiye da kashi 40 cikin ɗari, saboda gudu sau biyu yake shiga lissafin. Duka lambobin biyu gaskiya ne, duka a littafi ɗaya suke, amma ɗaya ce kawai ta dace da wannan aikin.

Tunda mun taɓo kaurin iska, bari in ɗan ratse. Wannan 1.225 da kowace manhaja ke farawa da shi na bakin teku ne a ranar da zafi yake digiri 15. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana sama da teku da wajen mita 470, kuma a watan Afrilu zafin digiri 40 ba baƙon abu ba ne. Ka lissafa, kaurin iskar zai sauko wajen 1.07, ragin kusan kashi 13 cikin ɗari. Lambar fiffikenka ba ta canza ba, iskar ce ta yi sirara, don haka jirgin yana bukatar ƙarin gudu na kusan kashi 7 cikin ɗari kafin ya bar ƙasa, injin kuma ba shi da ƙarfin da yake da shi a takarda. A Jos, inda filin jirgi ya haura mita 1,200, tsayin ne ke yin wannan aikin. Na ga masu gyara CL a fayil don jirgin kwamfuta ya yi daidai da abin da suka gani a fili, alhali zafin rana ne ba su gaya wa manhajar ba. Sun ɓata lamba mai kyau don su rufe kuskuren da ke wani wuri.

Sai babban ramin da 'yan Wright suka faɗa, wanda har yau a buɗe yake. XFOIL ba ta san fiffike yana da ƙarshe ba. Yanka guda take dubawa, kamar an yanke fiffiken an kalli gefensa, ta ɗauka haka ya miƙe dama da hagu har abada. Ka ba ta siffar NACA 2412, wadda fiffiken Cessna 172 ya samo asali daga gare ta, za ta ce maka kowane digiri ɗaya na ɗaga hanci yana ƙara wajen 0.11 a lambar ɗagawa, tirjiya kuma wajen 0.006 ce. Raba 0.36 da 0.006, sittin. Wato idan inji ya mutu a tsayin kilomita ɗaya, jirgin zai yi shawagin kilomita 60. Cessna ta gaskiya kilomita tara take yi, ko kusa da haka.

Ina sauran suka tafi? Wani kaso gangar jiki da tayoyi da sandunan da ke tallafe fiffike suka cinye. Wani kason kuma ƙarshen fiffike ne. Iskar da ke ƙasa mai matsi tana zagayowa ta bakin fiffike zuwa sama, ta bar guguwa biyu a bayan jirgi, kuma da ƙarfin inji ake biyan kuɗinsu. Wannan tirjiyar ana samo ta da CL sau CL, a raba da 3.14, a raba da sirantakar fiffike, a raba da wata lambar inganci da ke wajen 0.75 ga irin wannan jirgi. Sirantaka ita ce tsawon fiffike sau kansa a raba da shimfiɗa. Na Cessna mita 11 ne daga baki zuwa baki, sirantakar ta zama 7.5. A tafiyar miƙe, ƙarin tirjiyar wajen 0.007 ne. A lokacin sauka, da CL ya kai 1.2, ya zama 0.08, ya ninka fiye da sau goma. Ƙarin ɗagawa na kowane digiri shi ma ya sauko daga 0.11 zuwa ƙasa da 0.09. AVL ta san da wannan duka, don ita fiffiken gaba ɗaya take kallo. Amma ita kuma ba ta san danƙon iska ba. Tirjiyar gogayya sai ka ba ta da kanka, sitol kuwa ba ta taɓa jin labarinsa ba: ka ɗaga hanci digiri 30, za ta ci gaba da ƙara maka ɗagawa. Kowace manhaja da makantarta, kuma sanin makantar ya fi sanin maɓallanta amfani.

Ku masu ƙananan jirage, wannan sakin naku ne. Iska ba ta yi wa ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali abin da take yi wa babba mai gudu, ko da siffarsu ɗaya ce sak. Abin da ke auna bambancin shi ne lambar Reynolds, mai sunan Osborne Reynolds na Manchester, wanda ya yi gwajinsa na ruwa a bututu a 1883. Ga Cessna mai faɗin fiffike mita ɗaya da rabi, lambar ta haura miliyan biyar. Ga jirginka mai faɗin fiffike santimita 20, mai gudun mita 15 a sakan, wajen 200,000 ce. Shahararrun jadawalan hukumar NACA, waɗanda Abbott da von Doenhoff suka tattara a shekarun 1940, a miliyan uku da shida da tara aka auna su. Ka kwafe su ka ɗora wa jirginka na soso, za su yi maka alkawarin ɗagawar da ba za ka samu ba, su kuma ɓoye maka tirjiya. A ƙananan lambobi iska takan ɓalle daga saman fiffike tun da wuri ta sake mannewa, wani lokacin ma ta ƙi mannewa. Michael Selig da ɗalibansa a Jami'ar Illinois sun auna fukafukai masu yawa a irin wannan ƙaramin gudu, can ya kamata ka fara dubawa.

Kada kuma ka manta cewa fiffiken kwamfuta sumul yake, ba ƙura ba tabo. A XFOIL akwai wata lamba da ke zuwa a kan 9 idan ba ka taɓa ta ba, wadda ke nufin iska mai natsuwa irin ta ɗakin gwaji. Naka fiffiken da zazzafar waya ka yanka shi, ka naɗe shi da salatif mai gaɓa-gaɓa, ga ƙurar hunturu ta kwanta a gabansa. Ko mutanen NACA sai da suka riƙa manna tsakuwa mitsi-mitsi a gaban fiffike su sake awo, suka buga sakamakon a gefen na mai sulɓi. Kai ma tilasta wa manhajar ta hargitsa iskar tun daga gaban fiffike, ka ga yadda lambobin za su lalace, ka yi shirinka da lalatattun.

Akwai kurakuran da ba su da zurfi amma suna cin mako guda na ɗalibi. Kusurwa ana auna ta da digiri ko da radiyan, radiyan ɗaya kuma digiri 57.3 ne. Wannan 0.11 na kowane digiri shi ne kusan 6.3 na kowane radiyan. Manhajar Digital DATCOM, ta rundunar sojin saman Amurka, da digiri take bayarwa sai in ka ce mata ta canza. AVL tana ba da na kusurwar iska da radiyan, na motsa filafilan tuƙi kuma galibi da digiri, a shafi ɗaya. Lambobin da ke auna yadda jirgi ke tirjewa idan yana juyawa, Amurkawa suna raba su da ninki biyu na gudu, wasu littattafan Ingila kuma da gudun kawai, sai a samu saɓanin ninki biyu cur. Sannan Cl mai ƙaramin harafi a littafin tuƙi juyin mirginawa ne, a XFOIL kuma ɗagawar yanka guda ce. Jirgin kwamfuta da ke karkarwa ko yake juyi kamar mahaukaci daga taɓa sanda, fara nemansa a nan.

Wanda ya fi waɗannan wayo shi ne zancen alƙibla. Ɗagawa da tirjiya da iska ake auna su: tirjiya tana bin inda iska ta dosa, ɗagawa tana tsaye a kanta. Amma ma'aunin da ke cikin samfurin gwaji da jikin jirgi yake juyawa, don haka abin da yake bayarwa ƙarfi ne na tsaye a kan jiki, CN, da na tsawon jiki, CA. Idan hanci bai ɗaga sosai ba, kusan ɗaya suke da CL da CD, shi ya sa mutum zai daɗe yana musanya su ba abin da ya faru. A digiri 15 labari ya canza. A ce CN 1.4 ne, CA kuma 0.2 ne ƙasa da sifili, domin a irin wannan kusurwar iska tana tsotso gaban fiffike zuwa gaba. Idan aka juya su zuwa alƙiblar iska yadda ya kamata, CD zai fito wajen 0.17. Wanda ya zuba CA a gurbin CD ya ba jirginsa tirjiyar da ke tura shi gaba. Zai kashe inji, ya ja sanda, ya ga gudu yana ƙaruwa.

Lambar juyi ta fi kowace bukatar a tambaye ta asalinta, don juyi ba ya da ma'ana sai an faɗi wurin da ake juyawa a kansa. Masu auna yankan fiffike sun saba ɗaukar wurin da ke kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa daga gaba. A nan NACA 2412 tana ba da wajen 0.05 ƙasa da sifili, kuma ba ta cika motsi ba ko an canza kusurwa. Jirgi kuwa a kan cibiyar nauyinsa yake juyawa. Idan cibiyar ta matsa da kashi goma cikin ɗari na faɗin fiffike, wato santimita 15 a Cessna, kuma CL yana 0.5, lambar juyi ta canza da 0.05. Taƙi guda na matsawa ya kai girman juyin fiffiken gaba ɗaya. JSBSim tana tambayarka wurare biyu daban, cibiyar nauyi da wurin da ƙarfin iska ke aiki, sai ta lissafa juyin da tazarar da ke tsakaninsu ke haifarwa ta ƙara a kan naka. Idan lambobin da ka kawo an riga an mayar da su kan cibiyar nauyi, ka kuma bar tazara a fayil, an ƙirga abu ɗaya sau biyu. Ga gwajin da ba ya ƙarya: a kan cibiyar nauyi, duk lokacin da hanci ya ƙara ɗagawa, dole Cm ya ragu, don jirgin ya nemi komawa inda yake. Idan naka ƙaruwa yake yi, ko dai jirgin ba zai zauna a iska ba, ko ka juya alama. Alamar ma da sauƙin juyawa, don a wurin zana jirgi ana ƙirga tsawo daga hanci zuwa wutsiya, a wurin lissafin motsi kuma gaba ne ke da alamar ƙari, ƙasa ma haka. Saboda haka nake roƙonku, duk jadawalin da kuka adana, ku rubuta a samansa shimfiɗar da aka raba da ita, da wurin juyi, da lambar Reynolds, da inda kuka samo shi. Bayan wata shida ku da kanku ba za ku tuna ba, balle wanda zai gaji fayil ɗin.

Kowane jadawali yana da inda ya ƙare, kuma a nan ne manya ma suka sha wuya. Na'urorin kwaikwayon tuƙi na manyan kamfanoni, masu tsadar miliyoyin daloli, da lambobin gwajin jirgi na gaskiya ake cika su, gwajin kuwa yawancinsa a iyakar tashi na lafiya ake yin sa. Shekaru da yawa, abin da na'urar ke nunawa bayan fiffike ya yi sitol sosai ƙiyasi ne kawai, kuma sau da yawa ya fi na gaskiya ladabi. A 2009 jirage biyu suka faɗi bayan sitol: na kamfanin Colgan kusa da Buffalo a watan Fabrairu, mutum 50 suka rasu, da na Air France mai tafiya daga Rio zuwa Paris, wanda ya faɗi ranar 1 ga Yuni, mutum 228. Bayan haka Amurka ta yi doka a 2010, hukumar jiragen samanta ta tsaurara ƙa'idar na'urorin a 2016, zuwa Maris 2019 kuma ya zama wajibi matuƙan kamfanoni su yi atisayen cikakken sitol a na'urar da aka gyara lambobinta har zuwa can. Tun kafin nan, binciken haɗarin jirgin American Airlines da ya faɗi a New York ranar 12 ga Nuwamba 2001, inda mutum 265 suka rasu bayan wutsiyar jirgin ta karye, ya nuna cewa wani atisayen na'ura yana cikin abin da ya taimaka. An tsara shi ta yadda jirgi zai kife fiye da kima kuma na ɗan lokaci ba ya jin umarnin matuƙi, abin da zai iya koya wa mutum cewa sai ya taka feda da ƙarfi. Na'ura tana koyar da hannu da ƙafa, kuma abin da aka zuba mata take koyarwa, ko daidai ne ko ba daidai ba.

Naku ƙananan samfuran ba su fi ƙarfin wannan ba. JSBSim ba ta wuce bakin jadawali. Idan layinka na ƙarshe digiri 14 ne da CL na 1.4, to a digiri 25, a digiri 40, 1.4 ɗin za ta ci gaba da ba ka. Jirginka zai rataye a sama hanci a tsaye, yana saukowa a hankali, ka ce ka ƙera abin da ba ya sitol. Manhajar X-Plane kuma fayilolinta na fiffike sun zagaye kowace kusurwa, gaba da baya, amma cikar jadawali ba ta nufin an auna kowane layi. XFOIL ita ma kusa da sitol takan yi kyauta, ta ba da ɗagawar da ta ɗan fi ta fili, bayansa kuma ba abin dogaro ba ce ko da ta fitar da amsa. Don haka kafin ka yarda da samfurinka, hau da shi sama a kwamfuta, rage wuta, ja sanda a hankali, ka sa ido a kan kusurwar, ka ga a wane digiri ya fita daga inda kake da awo na gaskiya. Ka sa alama a wurin. Idan manhaja ta ce ƙaramin jirginka zai yi sitol a mita 9 a sakan, ranar gwajin farko kada ka bari ya sauko ƙasa da 13, kuma ka hau da shi sama sosai kafin ka fara rage masa wuta.